Gajeren Kofin Auta

A wani layi na gidajen haya, inda kowa ya san ƙarar ƙofar kowa, akwai wani mai gyaran famfo da ake kira Ina-ya-bi. Ba iyayensa suka raɗa masa wannan suna ba, bakinsa ne ya jawo masa. Duk gidan da aka kira shi, ko bango ne ya jiƙe ko famfo ne ya ƙi kawowa, kafin ya sauke jakar kayan aikinsa sai ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, to, ruwan nan ina ya bi? Da haka sunan ya bi shi, har yaran layin ba su san yana da wani ba.

Halin kuwa tun yana ƙarami yake da shi. Yayarsa, wadda yaransa ke kira Gwaggo, har yau in hira ta yi daɗi sai ta ba da labarin ranar da ya sami ƙusa ya huda bokitin mahaifiyarsu a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, wai yana son ya ga wace huda ce za ta fi feso ruwa da nisa. Ya sha dukan da ya dace da shi. Amma Gwaggo ta ce yana kuka, majina shaɓe-shaɓe, yana jan zanen uwar yana cewa ta zo ta gani, ta ƙasan ce ta fi nisa. Da ya tasa aka kai shi wurin wani tsohon mai gyara, wanda ya koya masa ya kafa bakin sukudireba a jikin bango, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya yi shiru. In fayif yana yoyo a ciki, sai ka ji wani ɗan huci kamar na mai barci. Da wannan kunne ya ci abinci, da shi ya yi aure, da shi yake biyan hayar ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai siminti.

Matarsa ɗinki take yi, kekenta na bakin taga. In tana cikin raha takan kira shi Injiniya, in kuwa ya ɓata mata rai sai ta koma Malam. 'Ya'yansu biyu: namiji mai shekara bakwai da kowa ke ce wa Yaya, da mace mai shekara huɗu, Auta. Ita Auta ce 'yar gaban goshinsa, ko da yake ko a mafarki ba zai yarda ya faɗa ba. Da yamma in ta ji takunsa, da gudu take tarar sa a ƙofa tana kiran Babana, Babana, ta karɓi babbar sifanarsa da hannu biyu ta kai ɗaki tana nishi kamar ta ɗauko buhu.

To, akwai lokacin da Auta ta kwanta zazzaɓi mai tsanani. Ta tashi, amma ta rame, wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako. Likita ya ce a riƙa ba ta madara kowace safiya, a ga ta sha da yawa. Kuma a gidan da ke da yara biyu ba a ba ɗaya madara a bar ɗaya yana kallo. Kofunan yara biyu ne a gidan: wani shuɗi, dogo siriri, da wani rawaya, gajere mai faɗin baki. Ina-ya-bi ya dube su sau ɗaya ya san wanda ya fi ciki, don mutumin da ya yi shekaru yana mu'amala da fayif ya san faɗi ba wasa ba ne. Sai ya ɗauki rawayan ya ce na Auta ne, shuɗin na Yaya. Yaya ya ga ya sami dogo, ya yi ta murna. Matar ta gane abin da mijinta ya yi, ta ja shi gefe ta ce ita ba ta hana ba, amma ya yi hankali kada Yaya ya gano, don yaron nan ko tsinken ashana aka raba sai ya auna.

Aka yi ta tafiya haka, Auta ta fara murmurewa. Ran nan da safe, suna zaune a gaban ɗan teburi, sai ta jawo kofinta ta jingina shi da na Yaya. Ta kwantar da kai ta dubi inda madarar kowa ta tsaya. Ta dubi uban. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ture kofin ta ce na Yaya ya fi yawa, kullum ma na Yaya ne ya fi yawa.

Da yamma ya dawo, ba wanda ya tare shi a ƙofa. Ya shigo da sifanarsa a hannu ya same ta zaune a gindin keken ɗinki tana tsince ƙyallaye. Ta ɗaga kai ta ce wa uwar, “Mama, Baban Yaya ya dawo.”

Matar ta kwashe da dariya har ta taka keke ba da niyya ba. Shi ma ya yi yaƙe. Amma da gari ya waye aka sake Baban Yaya, aka kwana aka tashi ana Baban Yaya, sai dariya ta ƙare. Madara ma ba ta karɓa daga hannunsa, sai uwar ta miƙa mata. Mutumin da ke shiga gidajen manya ya fasa bango ba tare da gabansa ya faɗi ba, sai ga shi yana tsayawa a bakin ƙofarsa yana gyaran murya, ko za a fito.

Abin da ya ɗaure shi kuwa shi ne, gaskiyar tana hannunsa amma ba ta faɗuwa. In ya ce a gaban kowa na Auta ne ya fi yawa, ya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya. Sai ya fara da 'yar ƙarya, ya ce mata ai duka ɗaya ne. Ta yi masa irin kallon da ake yi wa mai sayar da ruɓaɓɓen tumatir. Matar ta ce wannan ai ba abin da za a zauna ana tunani ba ne, ta fita ta sayo kofuna biyu iri ɗaya, jajaye, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Auta ta karɓa, ta jera su, ta ga madara ta tsaya daidai, ta sha. Sannan ta goge baki ta ce, to da can fa? A wurinta sayo sababbin kofunan nan shi ne amsa laifi.

Wata safiya da Yaya ya tafi makaranta, Ina-ya-bi ya ƙi fita aiki da wuri. Ya ɗauko tsofaffin kofunan, ya kira Auta tsakar gida, ya cika rawayan da ruwa har baki, ya juye a cikin shuɗin. Shuɗin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi yatsunsa. Ya dube ta yana jiran ta washe baki.

“Ka gani ko,” in ji ta. “Na Yaya har zubewa yake yi.”

Ya ce a'a, ta duba da kyau, ruwan ai daga nata ya fito. Ta ce ta gani, amma da ya shiga na Yaya sai ya yi girma. Ya sake yi, ta sake faɗa. A karo na uku ta noƙe kafaɗa ta ce ai shi mai famfo ne, duk inda ya ce wa ruwa ya je sai ya je. Ta koma ɗaki ta bar shi da jiƙaƙƙen wando.

Wani uban da fushi zai yi, wani ya ce yarinta ce za ta wuce. Shi kuwa tsohon ciwonsa ne ya motsa. Ranar yana kwance a ƙarƙashin wurin wanke kwanukan wani gida, yana ɗaure fayif, amma hankalinsa na kan tambaya ɗaya: yarinyar nan ba wawuya ba ce, ba kuma ƙarya take yi ba, to me take gani da shi ba ya gani? Da ya dawo gida ya ajiye kofunan a kan teburi, ya durƙusa, ya yi ta rage tsawo har idonsa ya zo daidai inda nata yake zuwa. Matar ta leƙo ta taga ta tambaye shi ko wani abu ya faɗi ne. Ya ci gaba da kallon kofunan. Daga nan ƙasa, bakin kofi ba ya ganuwa sam. Faɗin da shi yake hangowa daga sama ya ɓace, ba abin da ya rage sai dogo da gajere. Ya daɗe a durƙushe har gwiwarsa ta yi tsami.

Ya kai maganar wurin Gwaggo, wadda ta daɗe tana koyar da ƙananan yara a wata makarantar reno. Ta saurare shi tana ɓare lemo, ta yi dariya har da hawaye, ta ce Allah ya rama wa bokitin mahaifiyarsu. Sannan ta ce masa duk yaran ajinta haka suke, in ka juye ruwa a doguwar kwalba sai su rantse ya ƙaru, kuma ba bayanin da ke cire musu wannan. Hannunsu ne ke cire musu, shi ma ba rana ɗaya ba. Ta ce ya sami baho ya zuba ruwa, ya watsa mata tarkace a ciki, ya ƙyale ta.

“Sharaɗi biyu ne,” in ji Gwaggo. “Hannunka a baya, bakinka a rufe. Na san ka, ƙanena. Na biyun ne zai kashe ka.”

Tarkace kuwa ai gidansa aka zo. Ya zazzage buhun guntayen fayif da yake ajiyewa a bayan ƙofa, wanda matar ta sha cewa za ta zubar. Ya zaɓo masu faɗi da sirara, ya goge bakinsu kada su yanki yaro, ya toshe gindin kowanne. Ya haɗa da mazurari, da guntun tiyo, da gorunan roba, da ludayi, da murfin wata tsohuwar jarka. Ya ajiye babban bahon wanki a inuwar katanga, ya zuba ruwa iya wuyan hannu, don Gwaggo ta ja masa kunne cewa ba a cika wa yaro baho, ba a kuma barin sa shi kaɗai a gabansa. Can ƙarshe, kamar bai damu ba, ya jefa shuɗin kofi da rawayan a ciki.

Auta ta zagaya bahon kamar kyanwa. Ta tambayi uwar ko na Yaya ne. Aka ce na kowa ne. Kafin la'asar rigarta ta jiƙe sharkaf, kafin mako ya zagayo yaran maƙwabta sun ji labari. Tsakar gidan ya koma kamar bakin rafi. Matar ta ce ita dai ta auri mai gyaran yoyo, ga shi ya kawo mata yoyo har gida, ta kuma kafa dokar cewa ruwan da aka gama wasa da shi a juye a gindin shukokinta.

Shi kuwa ya sami abin kallo. Yakan dawo da wuri ya zauna a kan juyayyen bokiti, hannu a baya kamar wanda aka kama. Ya ga yadda wata 'yar maƙwabta ke ɗura ruwa a gora ba mazurari, rabi a ciki rabi a ƙafarta, har ranar da ta gano amfanin mazurarin da kanta ta hana kowa taɓawa. Ya ji kalmomi suna tsirowa a bakin yaran: ya cika, bai cika ba, saura kaɗan, rabi ne, naka ya fi. Ya ga Yaya ya jera guntayen fayif daga ƙarami zuwa babba yana ba su umarni kamar soja. Ya ji Auta tana ɗiba da murfin jarka tana zubawa a gora tana ƙirga, ɗaya, biyu, uku, biyar, tara. Huɗu ta zo masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta. Da ya kasa jurewa wata rana ya buɗe baki zai ce a gwada wancan a cikin wancan, sai ya ji an ƙwanƙwasa gilashin taga da almakashi. Ya waiwaya, matar ta ɗora yatsa a leɓe.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne Auta ba ta taɓa haɗa kofunan nan biyu ba. Ta yi wasa da kowane tarkace, huɗu ma ta dawo cikin ƙirgarta ba wanda ya saka ta, amma shuɗin kofi in ya taso kusa da ita sai ta ture shi da bayan hannu. Kuma har yanzu shi Baban Yaya ne. Akwai yammacin da ya fara tunanin ko Gwaggo ta yi kuskure, ko kuwa yarinyar za ta girma ta manta da kofi amma ta riƙe abin a ranta, ta zama irin matan da ke cewa ai mu a gidanmu namiji aka fi so. Wannan tunanin ya hana shi jin daɗin abincinsa.

Ranar da abin ya faru, faɗa ne ya kawo shi. Yaya ya ƙwace mata mazurari, uwar ta ce ta yi haƙuri ai shi ne babba, sannan aka aiki Yaya shago ya sayo zare. Yaran maƙwabta ba su zo ba tukuna. Auta ta tsaya a gaban baho tana huci. Sai ta ce wa uwar ta fito ta gani, yau za ta nuna mata irin cutar da ake yi mata a gidan nan. Uwar ta fito, tef ɗin awon ɗinki a wuyanta. Ina-ya-bi na kan bokitinsa, ko kallonsa Auta ba ta yi ba.

Ta kamo shuɗin kofi ta cika shi har baki. Ta ajiye rawayan a kan siminti. Ta ce a duba, na Yaya ba zai ma shiga nata ba, zubewa zai yi. Ta ja ƙafafunta baya don kada ya jiƙa ta, ta juye a hankali, harshe a waje.

Ruwan ya shige duka. Rawayan bai cika ba, da sauran wuri kamar faɗin yatsa biyu.

Ta leƙa cikin shuɗin, ba komai. Ta girgiza shi. Ta ɗaga rawayan ta duba gindinsa ko a huje yake, ta shafa simintin da tafin hannu, a bushe. Sai ta miƙe ta riƙe ƙugu, ta ce, ita kaɗai, ba da kowa take ba, “To, ina ya bi?”

Matar ta toshe baki da gefen mayafi ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa ya damƙe hannayensa a baya har yatsunsa suka yi ƙara.

Auta ta zubar ta sake. Wannan karon ta cika shuɗin har yana ɗiga, ta tallabe shi da hannu biyu kada ko ɗigo ya ɓace. Rawayan dai bai cika ba. Ta waiwayo ta dubi hannun uban, ta ga suna can baya inda suke, ba su taɓa komai ba. Sai ta juya abin, ta cika nata ta juye a na Yaya, ya tumbatsa ya jiƙa mata ƙafa. Ta yi wannan ya fi a ƙirga, gaba da baya. Can ta sake juye shuɗin a rawayan, ta lalubo murfin jarka, ta shiga cike gurbin da ya rage. Ɗaya. Biyu. Uku. A na ukun ruwa ya kawo baki.

Ta tsuguna tana kallon kofin. Ina-ya-bi yana kallon ƙeyarta, yana jin kamar ya kafa sukudireba ya saurari abin da ke gudana a ciki.

Sai ga muryar Yaya daga waje, yana waƙa yana buga ƙofa da ƙafa. Wuf, Auta ta kifar da ruwan, ta cusa rawayan kofi a ƙarƙashin rigarta, ta ruga ta faɗa jikin uban da jiƙaƙƙun kayanta. Ta kamo kunnensa da hannu mai sanyi ta jawo shi ƙasa.

“Babana,” ta ce a hankali, “kar ka faɗa wa Yaya.”

Ya ce ba zai faɗa ba. Ta tambaye shi ko yanzu zai iya fito da hannunsa, ya ce sai in ta ba shi izini, ta ce ta ba shi.

Yaya ya shigo da zare, ya ga uwar tana share ido, ya tambaya me aka yi. Aka ce ba komai. Ya dubi wannan ya dubi wancan, bai yarda ba, amma ganin mazurari ba mai tsaro sai ya nufi baho. Matar ta wuce ta gefen mijinta za ta koma kan keke, ta rage murya ta ce, “Injiniya, sai ka fara shirya jawabi. Wancan ma bahon yake wasa da shi, kuma ya fi ta iya ƙirga.”

Washegari Auta ta ce ita ba ta son jan kofi, a dawo mata da rawayanta. Yaya ya ji haka ya ce shi ma a ba shi dogonsa, yana yi mata gwalo. Uban ya zuba wa kowa, ta karɓa daga hannunsa. Ta zauna tana kallon madararta, tana kallon ta Yaya, kamar mai shawara da zuciyarta. Sai ta fito da murfin jarka daga aljihu, wanda uwar ta ƙwace ta ɗauraye tukuna, ta ɗebo ɗaya daga nata ta juye a kofin Yaya. Ɗaya tak, sauran biyun ta bar wa kanta. Yaya ya tambaye ta na mene ne, ta ce haka nan, ta ga dama ne.

Ina-ya-bi ya rataya jakarsa yana ta juya abin a ransa, me ya sa ɗaya, me ya sa ba biyu ba, ko ta san rabin uku ne take nema, ko kuwa rowa ce kawai irin ta gidan su uwarta. Ya kai ƙofa ya shafa jaka ya ji ba sifana. Ya waiwaya, sai ga ta tafe da ita da hannu biyu, madara a leɓe, tana nishi.